MBA da mastar gudanarwa a Nijar: wa takardar ke yi wa rana, wa take cinye wa kuɗi?

Duk shekara, da zarar damina ta ja baya aka shiga watan Oktoba, allunan tallar makarantun ilimi mai zurfi masu zaman kansu kan cika manyan titunan Yamai. Ana jin tallar a gidajen rediyon Maraɗi da Damagaram da Tawa, ana ganinta a Facebook da WhatsApp: MBA, masta a fannin banki da kuɗi, masta a kula da ma'aikata, masta a tafiyar da ayyukan raya ƙasa, darasin yamma ga ma'aikata, biya kashi-kashi. A gidaje da yawa kuma lokacin ne ake zaman shawara. Yaro ya gama lisans, ya yi bautar ƙasa ko yana jiran a kira shi, aiki bai samu ba. Sai a ce ya ƙara shekara biyu ya kai BAC+5, ko ƙofa za ta buɗe. Uba ya sayar da sa, uwa ta kwashi adashi, yayan da ke ci-rani ya aiko da nasa ƙoƙarin.

Kafin a saki wannan kuɗi ya kamata a san me ake saye. Wanda ya bi yadda ake ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan zai ga cewa digirin gudanarwa yana ɗaga wanda ya riga ya sa ƙafa a wurin aiki, yana da abin da ya iya. Wanda bai taɓa aiki ba kuwa, sau da yawa abin da takardar ke yi masa shi ne ta jinkirta zaman jiran da shekara biyu, ta kuma ƙara masa bashi. Ga kuma sauyin da kasuwar aiki ta yi tun daga 2023, wanda ya sa lissafin da ake yi shekaru goma da suka wuce ba ya ci yanzu.

Suna ɗaya, kaya daban-daban

A Amurka aka haifi MBA. Jami'ar Harvard ce ta fara ba da shi a 1908, daga baya Turai ta ɗauka, inda aka kafa makarantar INSEAD a Faransa a 1957. A waɗannan makarantu, galibin ɗaliban sun riga sun yi shekaru suna aiki: injiniya ne, ko likita, ko ma'aikacin banki da ke son hawa kujerar shugabanci. Kowa na zuwa da abin da ya gani a wurin aikinsa, a baje shi a aji, a yi muhawara. Rabin abin da ake biya ma kuɗin sanin mutane ne, domin abokan aji su ne gobe za su kira ka idan gurbi ya samu.

Tsarinmu daban ne. Tun 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su koma tsarin LMD: lisans shekara uku bayan BAC, masta shekara biyar, dakta shekara takwas. A cikin wannan tsani babu matakin da ake kira MBA. Makaranta na iya laƙa wa karatunta wannan suna don ya ja hankali, amma a idon hukuma tambayar ita ce ko takardar tana daidai da masta da aka amince da ita. Shi ya sa mutum biyu za su riƙe takarda mai haruffa uku iri ɗaya, ta ɗaya ta shige ko'ina daga Dakar zuwa Libreville, ta ɗayan ko ma'aikatar da ke bayan gidansu ba za ta karɓa ba.

Ma'aunin da aka fi dogara da shi a ƙasashe masu amfani da Faransanci shi ne na CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da shugabannin ƙasashe suka amince da kafa ta a nan Yamai a 1968, mai hedkwata a Wagadugu. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne CAMES tana tantance diflom ɗaya bayan ɗaya. Makaranta na iya samun amincewa kan lisans ɗinta na lissafin kuɗi, alhali mastar da take talla ba ta taɓa bi ta gaban kwamitin ba. Rubutun "CAMES" a saman allo bai wadatar ba.

Wuraren koyon gudanarwa ma sun yawaita. Ban da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, an buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, kuma ta Tawa tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Masu hali kan tura 'ya'yansu CESAG ta Dakar, wadda ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, ko Maroko, ko Tunisiya. Wasu kan tsallaka Kano ko Zariya su yi da Ingilishi. Hanyar Faransa, wadda a da ita ce burin kowa, ta yi wuya tun da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. Idan aka haɗa da makarantu masu zaman kansu, masu riƙe da BAC+5 a fannin gudanarwa sun fi na shekarun baya yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya yawaita a kasuwa kuwa kowa ya san me ke samun farashinsa.

Ƙofar gwamnati: takarda na da daraja, gurbi ne babu

Inda diflom ya fi magana da kansa shi ne aikin gwamnati. An jera ma'aikata rukuni-rukuni gwargwadon karatunsu, mai BAC+5 yana shiga a saman rukunin A, kuma albashi da fansho duk suna bin wannan jeri. Ga ma'aikacin da ya shiga da lisans, ƙarin masta na iya sauya masa sauran rayuwar aiki. Sai dai wajibi ne ya tabbatar tun farko cewa ma'aikatarsa ta ba shi izinin karatun a rubuce, kuma diflom ɗin na cikin waɗanda ake karɓa wajen ƙarin girma. Akwai waɗanda suka yi darasin yamma da kuɗin aljihunsu, suka zo da takarda, aka ce musu ba ta hanyar da doka ta tsara suka bi ba.

Ga wanda ke waje, matsalar ta fi haka. Ba kowace shekara ake buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata a kowane fanni ba, kuma idan an buɗe, malaman makaranta da jami'an lafiya da na tsaro ake fi buƙata. Guraben baitulmali da duwan da ofishin haraji kaɗan ne, masu nema tuli, kuma wasu daga cikinsu ta makarantar ENA ake bi. A irin wannan jarrabawa, masta tana ba mutum izinin zama a ɗakin ne kawai. Kowa a ɗakin yana da irinta.

Bankuna, wayar salula da man fetur

Kamfanonin da ke biyan albashi mai kauri a ƙasar nan ana iya lissafa su: bankuna irin su SONIBANK da BIA da BOA da Ecobank, kamfanonin waya Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, kamfanonin inshora, na aika kuɗi, sai na ma'adinai da man fetur. Wanda ya saba karanta sanarwar neman ma'aikata a jaridu ko a allon hukumar ANPE ya san yadda ake rubuta ta: BAC+4 ko BAC+5, da shekara uku ko biyar na ƙwarewa. Sharaɗi na farko makaranta ce ke ba da shi. Na biyu ba a sayar da shi a kowace makaranta, kuma a nan ne dubban takardun neman aiki ke faɗuwa.

Waɗannan kamfanoni sun fi son mai sana'a takamaimai a hannu. Tun 1 ga Janairun 2018 ake aiki da sabon tsarin lissafin kuɗi na SYSCOHADA a ƙasashe 17 na OHADA. Wanda ya iya rufe lissafin shekara a kan wannan tsari, ya san harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari da yadda ake fitar da rasit mai shaidar ofishin haraji, ya fi samun kira a kan wanda ya karanta dabarun shugabanci na gaba ɗaya. Haka mai bin hanyar zama ƙwararren akanta ta diflom ɗin DESCOGEF da DECOFI na UEMOA: hanya ce mai tsawo da wuya, amma ƙarshenta akwai rajista a ƙungiyar ONECCA da ikon sa hannu a kan lissafin kamfanoni, abin da MBA ba ya bayarwa.

Fannin ma'adinai da mai yana cikin sauyi. An rufe mahaƙar COMINAK a Maris na 2021, gwamnati ta mayar da SOMAÏR hannun ƙasa a Yunin 2025. A ɗaya gefen, matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024. Hukumomi na matsa wa kamfanonin waje su ba 'yan ƙasa manyan muƙamai; a Maris na 2025 an umarci manyan jami'ai uku 'yan China na kamfanonin mai su bar ƙasar, kuma tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa na cikin dalilan da aka bayar. Wannan dama ce ta gaske. Amma kujerar daraktan kuɗi ko na sayayya a kamfanin mai ba a ba sabon fita. Wanda zai ci moriyarta shi ne injiniya ko akantan da ya yi shekara goma a ciki, ya ƙara da karatun gudanarwa. Ga irinsa, MBA na gaske ya cancanci kuɗinsa.

Ƙungiyoyin agaji: rijiyar ta ja ƙasa

Shekaru kusan ashirin, mastar tafiyar da ayyukan raya ƙasa ita ce ta fi kasuwa a makarantunmu, saboda dalili ɗaya: ƙungiyoyin agaji na duniya da ayyukan da masu ba da tallafi ke ɗaukar nauyi su ne ke biyan albashin da ya ninka na gwamnati. Matasa da yawa sun tsara karatunsu kacokan a kan farar mota mai tambari a ƙofa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafinsu. Takunkumin CEDEAO ya ci gaba har Fabrairun 2024. Hukumomi sun janye izinin wasu ƙungiyoyi, irin su ACTED a Nuwamban 2024, sun umarci kwamitin Croix-Rouge na duniya ya rufe ofisoshinsa a Fabrairun 2025. A farkon shekarar 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID a duniya baki ɗaya. Sakamakon haka, mutanen da suka yi shekara goma ko goma sha biyar suna jagorantar ayyuka sun dawo kasuwa suna neman aiki, a layi ɗaya da sabon fita. Duk wanda zai biya kuɗin wannan masta a yau da tunanin 2015 ya kamata ya sake shawara. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Kasuwar da makarantu suka manta

Binciken da hukumar ƙididdiga ta INS ta yi a 2017 kan aikin yi ya nuna cewa, idan aka cire noma, kusan tara cikin goma na masu aiki a Nijar suna cikin harkokin da ba su da rajista. Ma'ana, duk kamfanoni da ofisoshin da aka ambata a sama ɗan tsibiri ne. Dukiyar kudancin ƙasar nan tana hannun 'yan kasuwa: masu fitar da albasar Galmi zuwa Gana da Kodebuwa, masu wake da aya da riɗi, masu dabbobi da fatu, masu manyan motoci, masu shigo da shinkafa da siminti. Tun 1986 masanin nan Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda suka gina dukiya a kan cinikin gyaɗa da kuma iyakar Nijeriya. Yawancinsu makarantar allo suka yi, sauran ilimin a gindin maigida suka same shi.

Waɗannan gidajen kasuwanci suna juya miliyoyi, amma a da yawa daga cikinsu lissafin yana cikin kan mutum ɗaya da littafi ɗaya. Aljihun gida da na kanti a haɗe suke. Mun sha ganin abin da ke biyo baya idan maigida ya rasu: a raba gado, a raba motoci, a rufe sito, sunan da aka yi shekara arba'in ana ginawa ya ɓace cikin shekara uku. Ga shi kuma zamani na tilasta sauyi. Banki ba ya ba da babban bashi sai ya ga lissafi a rubuce. Kwangilar gwamnati tana buƙatar lambar NIF da rajistar kasuwanci da shaidar biyan haraji. Rufe iyakar Benin ya sa kaya na zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tsadar sufuri ta ƙaru, wanda bai iya lissafin abin da kowane buhu ya ci a hanya ba yana iya yin asara yana zaton riba yake ci. Idan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya kammala, gogayya da manyan 'yan kasuwar Kano za ta zo har ƙofar gida.

Nan ne ilimin gudanarwa ya fi samun wurin aiki, nan ne kuma ya fi ƙarancin shiga. Laifin na ɓangare biyu ne. Alhaji ba ya sakin littafinsa ga wanda bai sani ba, domin a wurinsa amana tana gaba da takarda, kuma yana da hujja. Shi kuma mai masta yana ganin zama a sito cikin ƙurar buhuna faɗuwa ce, ofis mai sanyi yake so. Karatun da aka ba shi ma bai shirya shi ba: misalan da ke cikin darasi na kamfanonin Faransa da Amurka ne, ba a taɓa sa shi ya lissafa asarar albasa tsakanin girbi da watan da farashi ke tashi ba, ko abin da faɗuwar naira ke yi wa mai sayar da raguna a Jibiya. Da yawa ba za su iya bayyana wa maigida ma'anar ribar da ta rage bayan an cire tsufan mota da Hausar da zai gane ba, duk da cewa tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Inda abin ya yi kyau, yawanci ɗan gida ne aka tura karatu ya dawo: ya girma a kanti, ya san abokan hulɗa, ya ƙara da lissafin zamani. Shi ma ƙwarewa ce ta riga takarda.

A yi lissafi kafin a biya

Wanda zai karanci gudanarwa, darasinsa na farko shi ne ya lissafa karatun kansa. Mu ƙaddara shekara biyun za su ci miliyan 2 na sefa, da rajista da littattafai da sufuri da kundin kammalawa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata, wato kuɗin ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci na kusan shekara huɗu. Idan takardar ta jawo ƙarin jika 50 a wata, sai bayan wata 40 kuɗin zai dawo. Idan jika 20 ne, wata 100 ke nan, fiye da shekara takwas. Idan kuma mutum ya ajiye aikin da ke ba shi jika 150 a wata don ya yi karatun rana, ya yi asarar wasu miliyan 3 da jika 600, jimla miliyan 5 da jika 600. Da ƙarin jika 50, zai haura shekara tara kafin ya farfaɗo. Kowa ya sa nasa alƙaluman, hanyar lissafin ɗaya ce. Ita ce ke nuna dalilin da ya sa darasin yamma ko na ƙarshen mako, ga wanda ke riƙe da aikinsa, ya fi sauran tsare-tsare ma'ana.

Ga sabon fita da lisans, miliyan 2 ɗin nan na da wasu hanyoyi. Shekara ɗaya ta koyon aiki a ofishin akanta ko a kamfanin sufuri, ko da kuɗin mai kawai ake ba shi, tana cike layin "ƙwarewa" da ke hana shi shiga. Ingilishi mai kyau yana buɗe hulɗa da Nijeriya da Gana da kamfanonin China da Turkiyya. Iya aiki da manhajojin lissafi irin su Sage da Excel abu ne da ake gwadawa nan take a ranar ganawa. Masta ba ta gudu, kuma bayan shekara uku ko huɗu na aiki mutum ya san fannin da yake buƙata, wani lokaci ma wurin aikinsa ya taimaka da kuɗin.

Wanda ya yanke shawarar yi, akwai tambayoyin da bai kamata ya ji kunyar yi wa makaranta ba. Ina takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta wannan fanni takamaimai? Wannan diflom ɗin yana cikin jerin da CAMES ta amince da su? Su wa ke koyarwa, kuma nawa ne daga cikinsu suka taɓa riƙe kamfani ko sashen kuɗi? Ina 'yan ajin shekara biyu da suka wuce suke aiki yanzu? Makarantar da ta amince da kayanta za ta ba da amsa, har ta haɗa mutum da tsofaffin ɗalibanta. Wanda zai yi karatun a waje kuma ya binciki batun daidaita diflom a ma'aikata tun kafin ya tafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukuma ma na da nata aikin. Wallafa jerin diflom ɗin da aka amince da su kowace shekara kafin komawa makaranta, da Faransanci da harsunan ƙasa, ba ya buƙatar wani babban kasafi. Tilasta wa kowace makaranta, ta gwamnati da mai zaman kanta, ta bayyana adadin ɗalibanta da suka samu aiki zai rage tallar da ba ta da tushe. Majalisar 'yan kasuwa da jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa na iya haɗa kai a tura ɗaliban masta koyon aiki a gidajen kasuwancin garuruwansu, a rubuta kundin kammalawa a kan albasa da wake da sufuri. Har zuwa lokacin da za a yi haka, nauyin tantancewa yana kan iyaye da ɗalibai, kuma su ne ke biya idan aka yi kuskure.